In babur ya ƙi ja sa'ad da aka ba shi wuta

A karkarar Mai Yara, cikin gundumar Dakoro, babur ya zama jakin kowa. Shi ke kai mutane kasuwar Sabon Maci da ta Kornaka. Shi ke ɗaukar mara lafiya zuwa likita ko da tsakar dare. Amma akwai wata matsala da ke damun masu babur da ƴan kabu-kabu. Babur yakan tashi lafiya lau, ya yi tafiyar sannu ba gardama. Da an murɗa hannu an ba shi wuta sosai, sai ya shiga tari, ƙarfinsa ya faɗi. Cikin rairayi, inda aka fi bukatar ƙarfi, nan yake kasawa.

Wasu da sun ga haka sai su ce inji ya gaji, su kai gareji a buɗe shi. Kuɗi su tafi, matsala tana nan. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Abincinsa ne ba ya isa.

Inji yana rayuwa da abu uku: iska, da mai, da wutar buji. In babur yana tsaye a kunne, injin yana juyawa kamar sau 1,500 a minti ɗaya. In yana gudu, yakan kai sau 6,000, har ya wuce. Ke nan bukatarsa ta ƙaru ƙwarai. Mai mura in yana zaune yana numfashi daidai. A sa shi gudu, sai haki. Haka inji yake. Ƴar toshewar da ba ta hana shi tafiyar sannu ita ce ke shaƙe shi wajen gudu.

Saboda haka a fara bincike da abin da ba ya cin kuɗi.

A fara da iska

A ƙasar Dakoro ƙura ce abin zargi na fari, balle lokacin hunturu. Iska tana shiga inji ta cikin wani akwati da ke ƙarƙashin wurin zama ko a gefensa. Cikin akwatin akwai matacin iska, na soso ko na takarda. In ƙura ta cika shi, iska ta ragu, mai ya yi wa inji yawa. Alamarsa baƙin hayaƙi, da shan mai fiye da kullum.

In na soso ne, a wanke shi da ruwa da sabulu. A shanya a inuwa ya bushe sarai. A ɗiga masa ɗan baƙin mai sabo, a matse, a mayar. In na takarda ne, ba a wanke shi. A kakkaɓe a hankali, in ya yi baƙi a sayi sabo.

Akwai masu cire matacin su jefar, don sun ji babur ya ƙara ƙarfi. Wannan ganganci ne. Rairayi zai shiga kai tsaye, ya ci piston da bangon inji kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Sannan ne za a buɗe injin da gaske.

Sai mai

Tun shekarar 2011 Nijar take tace manta a matatar SORAZ ta Damagaram. Amma a ƙauye mafi yawan mai cikin kwalba ake sayensa. Kafin ya zo kwalba ya bi ta jarka da mazurari, ya kwaso ƙasa, wani lokaci har da ruwa. Dattin nan yana kwantawa a gindin tanki, ya bi tiyo zuwa karbirato, wato inda mai ke gauraya da iska.

A zare tiyon mai daga karbirato, a sa bakinsa cikin kwalba, a buɗe makunnin mai. Ya kamata mai ya zubo sosai. In ɗiga yake yi, to akwai toshewa a makunnin ko a matacin mai. Wannan aiki a yi shi a fili, inji ya huce, nesa da murhu da taba.

A duba murfin tanki kuma. Yana da ƴar kafa da iska ke shiga. In ta toshe, babur yakan yi gudu kaɗan, ya mutu, a jima ya sake tashi. In an buɗe murfi aka ji iska ta shiga fuu, to ga ɓarawon nan.

Cikin karbirato akwai ƴan ƙusoshin tagulla biyu masu huda. Ƙarama tana ba da mai wajen tafiyar sannu. Babba tana ba da mai wajen gudu. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta rage hudar babbar, alhali ƙaramar tana aiki. Shi ya sa babur yake tafiyar sannu daidai, ya ƙi gudu. A kwance ta, a wanke da mai, a hura da famfon taya. Kada a zura allura ko waya. Hudar za ta faɗaɗa, babur ya koma shan mai har abada.

Buji yana ba da labari

A kwance buji, wanda wasu ke kira fulogi, a dubi bakinsa. In launin ƙasa ne, komi daidai. In baƙi ne mai kunkunniya, iska ce ba ta isa. In fari ne fat, mai ne ba ya isa, inji kuma yana zafi. Kada a ci gaba da gudu da shi haka, piston yana iya ƙonewa. In ya jiƙe da baƙin mai, ga kuma shuɗin hayaƙi a salansa, to zoben piston sun cinye. Wannan kam aikin makaniki ne.

Wajen gudu buji yana kyasta wuta kamar sau 50 kafin a ƙifta ido, wato cikin daƙiƙa ɗaya. Tsohon buji, ko hularsa mai tsaga, ba su iya wannan. Buji ba shi da tsada. Ya kamata mai tafiyar daji ya riƙe sabo ɗaya tare da abin kwance shi.

In inji yana ruri, babur ba ya gaba

Wannan wata cuta ce dabam, kada a haɗa su. A nan inji ba ya tari. Ƙara yake yi sosai, amma gudu ba ya ƙaruwa, musamman da kaya ko a tudu. Kuloci ne ke zamewa. Lodin buhu uku a kan ƙaramin babur, da matse hannun kuloci rabi-rabi cikin rairayi, su ke cinye shi. A fara duba wayarsa. Hannun kuloci ya kamata ya ɗan yi wasa kafin ya kama. In wayar ta ɗame, a sassauta ta. In bai daina ba, faifan ciki sun cinye, sai canji.

In an duba iska, da mai, da buji, da kuloci, matsala ba ta tafi ba, to lokacin gareji ya yi, a Dakoro ko Maraɗi. Mai babur ya gaya wa makaniki abin da ya riga ya duba, da launin da ya gani a bakin buji. Ya kuma nemi a auna wuta, a daidaita bawul, kafin a kwance inji gaba ɗaya.