Gyaran Ƙananan Na'urorin Ɗaga Kaya Domin Ma'aikatar Gida

Tsadar sababbin na'urori ta sa makanikai da masu walda da dama kan sayi tsohuwar na'urar ɗaga kaya a kasuwanni irin su Ladipo a Legas ko Panteka a Kaduna, su yi mata kwaskwarima domin sauke injin mota ko janareta. Dabarar tana rage kashe kuɗi, amma akwai lissafin da bai kamata a tsallake ba.

Nauyin da aka rubuta a jikin na'ura na hannunta ne idan yana gajere. Ƙaramar na'ura mai jak da tayoyi wadda aka rubuta wa tan 2, yawanci tana da ramuka huɗu a hannunta: tan 2, tan 1.5, tan 1, da rabin tan a ramin ƙarshe. Ke nan duk wanda ya ƙara wa hannun tsawo ya rage masa ƙarfi. In tazarar ta ninka, nauyin da zai ɗauka ya koma rabi. Haka kuma idan ƙugiya ta wuce tayoyin gaba, na'urar za ta kife ko da ƙarfenta bai lanƙwashe ba. Saboda haka ƙarin hannu yana bukatar ƙarin tsawon ƙafafu.

Mai rataya na'urar sarƙa kuwa, sai ya tuna cewa nauyin kan abin da aka rataya ta yake komawa. Katakon rufin ɗaki ba don wannan aka yi shi ba. Gara a kafa ƙarfe mai ƙafafu, a ɗaure shi da noti a kan daɓen kankare.

Sarƙa da ƙugiya ba a yi musu walda, domin zafin wuta yana kashe taurin da aka yi musu a masana'anta. Ƙugiyar da bakinta ya buɗe, canza ta ake yi, ba a mayar da ita da guduma.

Bayan gyara, a gwada na'urar da nauyin da ya haura wanda za ta riƙa ɗauka da kashi 25 cikin 100, a ɗaga shi kaɗan daga ƙasa, kowa ya ja da baya. Durom mai lita 200 cike da ruwa ya ɗan haura kilo 200, don haka yana da sauƙin lissafi. Sannan a goge tsohon adadin, a rubuta sabo da fenti. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa masana'antu duba sarƙoƙin ɗaga kaya duk wata 6, kuma ƙaramar ma'aikata ma za ta amfana da bin wannan ƙa'ida.