Idan kamfani ya ƙara hannun jari don sayen gini, wa ke asara?

A aikina na binciken asusun kamfanoni, tambayar da masu hannun jari suka fi yi mini ita ce: "Malam, an ce za a fitar da sababbin hannayen jari a sayi rumbun ajiya. Ba namu ne zai ragu ba?"

Kasonka zai ragu, wannan babu makawa. Dukiyarka kuwa, ya danganta da farashi.

A ɗauka kamfani yana da hannun jari miliyan 1, darajarsa naira miliyan 100, wato kowane hannu naira 100. Aka fitar da sababbi 200,000 aka ba mai rumbun da ya kai miliyan 20. Mai kashi 10 cikin ɗari ya koma kashi 8.3, amma kowane hannu yana nan a naira 100, domin kamfanin yanzu ya kai miliyan 120. Bai yi asarar ko kwabo ba.

To, idan ainihin kuɗin rumbun miliyan 12 ne, aka kumbura shi a takarda fa? Kowane hannu ya faɗo zuwa wajen naira 93. Mai rumbu ya kwashi kaso da dukiyar da bai kawo ba, daga aljihun tsofaffin masu jari. Wannan na fi cin karo da shi, musamman idan ginin na darakta ne ko na surukinsa, kuma yana ɓata mini rai, don ƙananan masu jari ne ke shan wuya. Haka ma tsofaffin masu jari ke asara idan an karya farashin sababbin hannayen.

Akwai kuma batun riba. Ginin da ba ya kawo haya, bai kuma rage wa kamfani kashe kuɗi ba, ya ƙara bakuna ne kawai a kan tuwon jiya.

Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta wajabta wa kamfanin da ke sayar wa jama'a hannun jari ya ɗauko mai ƙiyasi mai zaman kansa idan zai karɓi kadara maimakon kuɗi. Ku nemi rahotonsa kafin babban taro, ku tambayi wane ne mai ginin da hayar da ake sa rai. Wanda kasonsa ya haura kashi 25 ya ƙara lura: ƙuduri na musamman yana buƙatar kashi 75 na ƙuri'un da aka kaɗa, kuma da zarar kasonsa ya sauko zuwa kashi 25 ko ƙasa da haka, sauran za su iya zartar da shi ko da bai yarda ba.