Ƙa'idojin Kariya da Sharuɗɗan Shiga Baje Kolin Kimiyya na Ɗalibai

Gabatarwa

Ɗaliban sakandare, musamman 'yan ƙungiyar JETS a makarantun Nijeriya, kan shafe watanni suna haɗa aikin binciken da za su kai baje kolin kimiyya. Sai dai kyakkyawan aiki yana iya faɗuwa tun kafin alƙalai su dube shi, domin kawai an keta wata ƙa'ida a ranar da aka fara shi. Wannan darasi zai duba irin waɗannan ƙa'idoji ta hanyar misali da gasar ISEF ta ƙasar Amurka, wadda dokokinta a rubuce suke filla-filla. An fara gasar a birnin Filadalfiya a shekarar 1950, ta zama ta duniya a 1958, kuma ƙungiyar Society for Science ce take gudanar da ita a watan Mayu na kowace shekara.

Wa Ya Cancanci Shiga?

Ɗalibi ba ya zuwa wannan gasa kai tsaye; sai ya yi nasara a wani baje koli na ƙasarsa ko yankinsa wanda yake da rajista da ita. Wajibi ne ya kasance a aji 9 zuwa 12 na tsarin Amurka, wato kwatankwacin aji uku na ƙaramar sakandare zuwa ajin ƙarshe na babbar sakandare, kuma bai cika shekara 20 ba zuwa ranar 1 ga Mayu. Idan aikin haɗin gwiwa ne, kada masu yin sa su wuce uku. Binciken ba zai ɗauki fiye da wata 12 a jere ba, tsakurensa kuma ba zai wuce kalma 250 ba. Har wa yau, kowane aiki sai yana da wani babba, malami ko mahaifi ko masani, wanda zai tsaya masa.

Izini Kafin Gwaji

Uwar ƙa'idojin duka ita ce wannan: duk binciken da ya shafi mutane, ko dabbobi masu ƙashin baya, ko ƙwayoyin halitta masu iya cutarwa, sai an rubuta tsarinsa an miƙa wa kwamiti ya amince kafin a taɓa komai. Kwamitin duba bincike ba ya gaza mutum uku, cikinsu har da masanin kimiyyar lafiya da malamin makaranta. Sa hannun da aka nemo bayan an gama gwaji ba ya wanke aikin, domin amfanin kwamiti shi ne ya hango haɗari tun bai auku ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Ƙwayoyin Bakteriya

A nan ne ɗaliban ilimin halittu suka fi yin tuntuɓe. Alal misali, ɗalibi ya so ya gano ƙwayoyin da ke jikin takardar kuɗi ko cikin ruwan rijiya. Sai ya shafi takardar da auduga, ya goga a kan faifan Petri mai ɗauke da abincin rainon ƙwayoyi, ya ajiye. A ganinsa bai ƙara komai ba, tun da kullum kuɗin yana hannun jama'a.

Lissafi ne zai nuna kuskuren. Bakteriyar E. coli, idan ta sami abinci da ɗumi, tana iya rabuwa biyu a duk minti 20. Ke nan cikin awa 7 an yi rabuwa sau 21, ƙwaya ɗaya ta zama fiye da miliyan 2. Kowane ɗigo da ido ya gani a kan faifan miliyoyin ƙwayoyi ne, kuma ɗalibi bai san ko akwai mai jawo zazzaɓin taifot a cikinsu ba. 'Yan ƙalilan da jiki zai iya yaƙa a da sun zama runduna.

Saboda haka ne aka hana rainon irin waɗannan ƙwayoyi a gida baki ɗaya; sai a ɗakin gwaje-gwaje. Ɗakunan kuwa hawa huɗu ne gwargwadon haɗarin abin da ake sarrafawa a cikinsu, kuma an yarje wa ɗalibai hawa na 1 da na 2 ne kaɗai. Idan ba a san irin ƙwayar da aka ɗebo ba, a rufe faifan, a naɗe shi da tef, kada a sake buɗe shi har a zubar. Da zarar an buɗe don wani nazari, aikin ya koma hawa na 2, wanda yake buƙatar ƙwararre da kayan aiki na musamman. A makarantun Ingila ma an saba rainon ƙwayoyi a zafin da bai wuce digiri 25 ba, saboda digiri 37 shi ne zafin jikin ɗan'adam, wanda masu cutar da shi suka fi so. Kafin a zubar, a kashe ƙwayoyin a tukunyar tururi mai matsi a digiri 121 na aƙalla minti 15, ko a jiƙa su cikin ruwan bilic.

Dabbobi

A shekarar 1959 wasu masana biyu na Ingila, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa manufofi uku da ake bi har yau: a musanya dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawan dabbobin, a kuma kyautata hanyar gwaji don rage musu wahala. Don haka ake ƙarfafa ɗalibai su yi aiki da tsirrai, ƙwari ko tana. Wanda ya zaɓi kaji, kifi ko ɓeraye a gida ko a makaranta, iyakarsa lura da ɗabi'unsu ko nazarin kiwo da ƙarin abinci, ba tare da yanka ko azabtarwa ba. Idan dabba ta rame har ta rasa fiye da kashi 15 cikin ɗari na nauyinta, nan take a tsayar da gwajin. Idan kuwa gwajin ne ya kashe ta, aikin ya fita daga gasa.

Mutane

Ko da takardar tambayoyi ce za a raba wa 'yan aji, bincike ne a kan mutane. Kwamitin da ke duba wannan ya ƙunshi malami, da jami'in hukumar makaranta, da ma'aikacin lafiya. Dole a bayyana wa mutum abin da za a yi, ya yarda don kansa, ya kuma san yana da ikon janyewa a duk lokacin da ya so. Idan yaro ne, sai an haɗa yardarsa da izinin iyayensa. Ɗalibi ba shi da hurumin gano cuta ko ba da magani, saboda haka wanda ya jiƙa ganyen darbejiya ya ba abokansa don ya ga ko zai sauke zazzaɓi ya keta doka.

Nauyin wannan magana ba baƙo ba ne a Kano. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa da yara wajen 200. Iyaye suka yi ƙorafin cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musa, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun 2009 da gwamnatin jihar.

Ranar Baje Koli

Zauren baje koli wuri ne na cinkoson jama'a, don haka an hana kawo abu mai rai ko da tsiro ne, da jini, da sinadarai, da wuta, da kaifafan abubuwa irin su allura da wuƙa. Hotuna, jadawali da littafin da ɗalibi ya riƙa rubuta aikinsa na kullum su ne shaidunsa.

Kammalawa

Dokokin kowace gasa suna da 'yan bambance-bambance, kuma akan sabunta su, saboda haka wajibi ne malami ya nemi na shekarar da ake ciki. Makarantar da take son ɗalibanta su yi nisa sai ta kafa kwamitinta tun farkon zango, kuma kada a buɗe wa kowa ɗakin gwaje-gwaje sai tsarin bincikensa ya sami sa hannu.

Tambayoyi

1. Ƙwaya ɗaya mai rabuwa a duk minti 20 za ta zama nawa bayan awa 3?
2. Me ya sa izinin da aka samo bayan gwaji ba ya karɓuwa?
3. Ɗaliba tana son kwatanta girman 'yan tsaki a kan abinci iri biyu. Waɗanne ƙa'idoji ne suka hau kanta?