DARASIN YAU: Tayar da za ta ɗauki kayan gonarka, ka san ƙarfinta?

Yau ba maganar abinci ko rigakafi za mu yi ba. Maganar taya ce, domin ta taɓa jawo mini asarar da har yanzu ban manta ba.

A bazarar bara na ɗauko 'ya'yan tarwaɗa zan kai gona wajen Ɗansoshiya. Na yi hayar akori-kura, muka ɗora tanki mai lita 1,000 cike da ruwa, da buhu 20 na abincin kifi. Muna kan kwalta lafiya lau har Kwanar Dangora. Da muka sauka kan burji, ba mu yi nisa ba tayar baya ta fashe. Safayar ma babu iska. Awa uku muna rana kafin a dawo daga wajen mai faci. Ruwa ya ɗauki zafi, kifi ya galabaita, kusan kashi ɗaya cikin uku bai kai labari ba. Laifina ne, ban duba ƙafar motar ba kafin mu yi lodi.

Mu fara da lissafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato tankin nan kaɗai tan guda ne. Buhun abincin kifi kilo 15, guda 20 sun ba da kilo 300. Kilo 1,300 kenan, kuma kusan duka a kan tayoyin baya biyu yake zaune, ga nauyin motar kanta. Haka ma mai kaji: buhu 40 na abinci mai kilo 25 tan guda ne cif.

To ta yaya za ka san abin da taya ke iya ɗauka? A jikinta yake rubuce. Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, misali 91H ko 106/104R. Lambar ita ce ma'aunin nauyi:

91 = kilo 615
96 = kilo 710
100 = kilo 800
104 = kilo 900
106 = kilo 950
112 = kilo 1,120

Idan ka ga lamba biyu kamar 106/104, ta farko ta taya ɗaya ce a kowane gefe, ta biyu kuma idan an jera su bibbiyu. Harafin C a ƙarshen girma, kamar 195R14C, yana nufin tayar ɗaukar kaya ce.

Motar da ta ba ni kunya 96 ce a bayanta, tayar motar gida. Biyun kilo 1,420 za su ɗauka. Mu ce bayan motar ba kaya yana da kilo 700, ka haɗa da 1,300, mun kai 2,000. Kun ga ko 106 ce ba za ta wadatar ba, balle 96. Sawu biyu ya kamata mu yi, ko mu nemi Canter.

Abu huɗu nake dubawa yanzu kafin a ɗora mini ko buhu ɗaya.

1. Lambar nauyi. Ina barin rara, ba na cika ta maƙil. Lambar nan ba ta san ramukan damina ko duwatsun ƙauyukan Doguwa ba. Duk ramin da mota ta faɗa, duka ne a kan taya. Ruwan tanki kuma yana tangal-tangal, ya jefa nauyi gefe guda a kwana.

2. Iska. Taya ba ta ɗaukar nauyin da aka rubuta sai da iskar da aka rubuta a jikinta. Idan iska ta yi ƙasa, gefenta ya riƙa lanƙwashewa, ta ɗau zafi, ta fashe. A gwada da safe tana sanyi, har da safaya.

3. Shekaru. Nemi lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Tayar gwanjo tana iya yin kyau a ido alhali robar ta bushe. Duba gefenta ko akwai tsagewa ko ƙullutu.

4. Wili. Shi ma yana da iyakar nauyinsa, galibi an buga a bayansa. Don hanyoyinmu na fi son na ƙarfe: in ya bugi dutse lanƙwashewa yake yi, a buga shi ya kai ka gida. Na alminiyom tsagewa yake yi, iska ta tsere nan take.

Gargaɗi ɗaya fa: sa babbar taya ba ya ƙara wa mota ƙarfi. Sifirin da gatarin mota suna da nasu iyaka, tana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne iyakarka.

Mai ɗauko kifi daga Tiga, da mai kai kaji Tudun Wada, kada ku ji nauyin durƙusawa ku karanta tayar motar haya. Direba zai ce maka "Yallaɓai, kullum haka muke ɗauka." Haka nawa ma ya ce mini. In taya ta fashe shi faci zai biya, kai kuwa jarinka ne ke cikin tanki a rana.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a kiwo.