Darasi Daga Shahe: Me Yaran Aji Biyar Da Shida Ke Koya?

 

Da yawa daga cikin iyayenmu da yayyenmu fatake sun san birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin. Suna sauka a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, inda baƙi 'yan Afirka suka fi taruwa, su yi sari su juyo. A gundumar Tianhe ta wannan birni akwai unguwar da ake kira Shahe, wadda ta shahara da babbar kasuwar sarin tufafi masu araha, da kuma wata taliyar shinkafa mai faɗi da ta ɗauki sunan unguwar. To, yau ba zancen sari za mu yi ba. Za mu leƙa jakar makarantar ɗan mai shagon, yaro ɗan shekara 11 ko 12, mu ga abin da ke ciki.

Tun shekarar 1986 dokar ƙasar Sin ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, a yawancin wurare shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Babban darasi shi ne harshen Sinanci. Rubutunsu ba shi da baƙaƙe 28 irin na Larabci da yaro zai haɗa ya karanta. Kowace alama sai an koye ta ita kaɗai. Manhajar gwamnati ta ce kafin yaro ya bar aji shida ya gane alamomi kusan 3,000, ya iya rubuta kusan 2,500 da hannunsa. Bayan haka akwai tsofaffin waƙoƙi 75 da aka zayyana domin hadda a shekarun firamare, wasunsu sun haura shekara dubu da rubutawa.

Tsaya nan, ɗan uwa. Sau nawa ka ji ɗan boko yana cewa haddar makarantar allo tsohon yayi ce, wai tana daskarar da ƙwaƙwalwa? Ga ƙasar da ke ƙera wayar da ke aljihunsa, ba ta jefar da hadda ba. Sai dai fa malaminsu yana fassara waƙar, ya tambayi yaro ma'anarta, ya sa shi ya rubuta insha'i. Nan ne mu muke da rauni. Yaro ya haddace izu biyar, amma ka tambaye shi ma'anar Fatiha da yake karantawa sau 17 kullum a sallolin farilla, sai ya sunkuyar da kai.

Akwai lissafi, inda a waɗannan azuzuwa suke kan kashi cikin ɗari, da awon da'ira, da makamantansu. Akwai Turanci, da kimiyya, da darasin ɗa'a da bin doka. A aji ana magana da daidaitaccen Sinanci, alhali a gidajen 'yan asalin garin Kantonanci ake yi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan zango na Kumasi ko Nima, mai Hausa a gida, Turanci a boko, Larabci a makaranta, Twi ko Ga a kasuwa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne gida. A watan Yuli na 2021 hukuma ta ga yara sun jigata, sai ta taƙaita aikin gida: 'yan aji ɗaya da biyu babu na rubutu, daga aji uku zuwa shida kada ya wuce minti 60. A watan Agusta na shekarar aka ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasannin intanet, awa ɗaya tak, daga 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Ranar 1 ga Janairu 2022 wata doka ta fara aiki wadda ta ɗora nauyin tarbiyyar gida a wuyan iyaye. Daga Satumba 2022 kuma aikin hannu ya zama darasi mai zaman kansa. Ana son ɗan aji biyar ko shida, namiji ko mace, ya iya dafa abinci kala biyu ko uku, kamar ƙwai da tumatir, ya kuma iya kimtsa ɗakinsa. Mu kuwa yarinya ce ke tuƙa tuwo, ta yi wanke-wanke, ta yi talla, yayanta yana filin ƙwallo, sannan a ce ita ce ba ta ƙoƙari a aji.

Amma kada mu ruɗu. A makarantun gwamnatin Sin ba a koyar da addini, dokarsu ta raba ilmi da addini. Guangzhou tana da masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar, wanda mutanen wurin ke jingina wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas (R.A.), ko da yake malaman tarihinmu sun ce a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Yaron Musulmi a can, in bai koyi alwala da salla wajen uwa da uba ba, aji ba zai koya masa ba. Haka ɗan faƙe da aka tafi da shi. Af, maganar nan ta neman ilmi har ƙasar Sin da ake yawan jingina wa Manzon Allah (S.A.W.), malaman hadisi ba su inganta ta ba, Ibnul Jauzi ma ya sa ta cikin ƙagaggu. A daina buɗe wa'azi da ita.

Aikin wannan wata ga kowane memba: ka zaɓi ƙane ko ƙanwa ɗaya 'yar aji huɗu zuwa shida, ku zauna tsakanin Magariba da Isha. Ka duba littafin lissafinta, ta karanta maka shafi ɗaya na Turanci da ƙarfi, ta biya surar da take kai, ka tambayi malam ma'anarta idan ta shige maka duhu. A fara da yaran da iyayensu suke kan hanyar fatauci. A kawo sunayensu ga sakatare a taro mai zuwa.