Yadda Ake Cire Ƙari a Ƙwaƙwalwa da Jagorancin MRI

Da zarar likita ya buɗe ƙoƙon kai, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya tsiyaye, sai ta ɗan lotsa ko ta kumbura, wani lokaci ta gusa har fiye da santimita ɗaya. Hoton da aka ɗauka jiya ya zama tsohon zance ke nan. Shi ya sa aka shigo da na'urar MRI har ɗakin tiyata, aikin da asibitin Brigham and Women's na birnin Boston a Amurka ya fara a tsakiyar shekarun 1990.

Tun kafin ranar aiki ake ɗaukar hoton farko, bayan an yi wa majiyyaci allurar gadoliniyam a jijiya don ƙarin ya fito sarari. Wani sa'in ana sa shi ya motsa yatsu ko ya tuno kalmomi yana cikin na'urar, a gane inda motsi da magana suke, a kauce musu. Hotunan nan ake lodawa a kwamfuta su zama taswira.

Ranar tiyata, ana sa majiyyaci barci, a kafe kansa da maɗauri wanda maganaɗisu ba ya ja. Likita na cire ƙarin kaɗan-kaɗan, idonsa a madubin ƙara girma. Nau'in ƙarin da ake kira giliyoma kuwa yakan saje da lafiyayyen nama. A bar saura, ya sake tsirowa. A zarce, mutum ya farka ba baki ko ɓarin jikinsa ya shanye.

A nan ake dakatawa, kuma a ganina nan ne aikin ya fi buƙatar natsuwa. Ana rufe ciwon da ƙyalle mai tsabta, a ƙirga almakashi, allurai da wuƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, a fitar da su bayan layin da aka shata a ƙasa. Maganaɗisun ba a kashe shi, kuma ko tukunyar iskar oksijin ta ƙarfe yana iya fizgowa. Sai a tura majiyyaci cikin na'urar, ko ita ta gangaro masa a kan dogon da ke rufin ɗakin.

Sabon hoton ne ke nuna ko akwai saura. In akwai, a gyara taswira a koma. A wani gwaji da aka yi a Frankfurt ta Jamus, aka wallafa a 2011, an cire duk ƙarin da hoto ke nunawa a kashi 96 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa haka, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 68. In an gama cire abin da za a iya cirewa lafiya, sai a mayar da ƙashi a ɗinke fata.