Ina Za Mu Kai Mai Shaye-shaye?

Da wuya mu shiga gari a ƙasar Kazaure ko Babura, ko Roni ko Gwiwa, mu rasa gidan da shaye-shaye ya taɓa. Wani ɗansa ne, wani ƙanensa ne. Wani kuwa matarsa ce a cikin ɗaki, ba wanda ya sani. Mun yi faɗa mun gaji. Mun yi duka, mun yi kora, mun yi Allah ya isa. Abin da ba mu cika yi ba shi ne mu zauna mu tambayi kanmu, shin akwai wurin da a ke maganin wannan abu? To, akwai. Ba shi ma da nisa da mu.

Kakanninmu sun san giya da burukutu, sun san zaƙami. Daga baya tabar wiwi ta yawaita. Yanzu kuwa abin ya koma ƙwaya da kwalba: tiramol, da maganin tari mai kodin, da ƙwayoyin barci, da sholisho wanda a ke shaƙa. A shekarar 2018 aka yi ƙidaya a Nijeriya duka. An sami mutum miliyan 14 da dubu 300, daga mai shekara 15 zuwa mai 64, waɗanda suka sha wani abu irin wannan a cikin shekara guda. Ban da giya da taba sigari ke nan. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. A wannan shekara ce kuma, cikin watan Mayu, Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin, ta hana shigo da shi.

Ba dukansu ne suka fara don lalaci ba. Mu ɗauki ɗan ƙwadago da damina. Yana so ya gama noman gona biyu kafin la'asar. Abokinsa ya ba shi ƙwaya ɗaya, ya yini yana aiki bai ji gajiya ba. Gobe ya sayi tasa. Bayan wata guda ɗaya ba ta isarsa, sai biyu, sai huɗu. Kafin kaka, kuɗin ƙwadagon duk na mai ƙwaya ne.

Me ya hana shi ya bari?

Nan ne mu ke yin kuskure. Mu kan ce taurin kai ne. Akwai taurin kai, amma akwai abin da ya fi shi. Jikin mutum ya kan saba da ƙwaya har ya kasa zama lafiya sai da ita. Ran da mai shan tiramol ko kodin bai samu ba, sai hamma, sai majina da hawaye, sai gumi. Gaɓoɓinsa su yi ciwo kamar an daka shi a turmi. Ga zawo, ga rashin barci. Ya san ƙwaya ɗaya za ta kwantar da wannan duka, ƙwayar kuwa tana nan bakin kasuwa. Wannan wahala ta kan yi kamar mako guda sa'an nan ta sauka. Amma mako guda yana da tsawo ga wanda ke cikinta shi kaɗai.

Ku lura da wannan da kyau, gama ya shafi rai. Wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa kullum, ko ƙwayoyin barci irin su diyazifam, kada a tsare shi a ɗaki a ce ya bari dare ɗaya. Hannunsa zai kama rawa. Cikin kwana biyu ko uku ya kan yiwu ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko ya ruɗe yana ganin abin da babu. Waɗansu sun mutu ta haka. Irin wannan mutum sai a hannun likita zai bari, a riƙa ba shi magani ana ragewa kaɗan kaɗan. A ƙasarmu mashayin giya ya kan ɓoye kansa don kunya da tsoro, saboda haka iyalinsa ba su kan faɗa wa likita gaskiya ba. Lalle su faɗa.

Hanyar asibiti

Kafin a kai mutum ko'ina, sai an yi magana da shi. Ba sa'ad da ya ke buge ba, ba kuma gaban taro ba. A samo wanda ya ke jin nauyi, ko kawunsa, ko yayansa, ko limamin unguwa. Ba sai an yi dogon wa'azi ba, ya riga ya san abin da ya ke yi ba kyau. Uba ya isa ya ce, “Ɗana, na ga halin da ka ke ciki. Ciwo ne, kuma yana da magani. Jibi za mu tafi tare.” In ya ƙi yau, a sake gwadawa. Wanda ya tafi da yardarsa ya fi zama a kan magani.

Zangon farko shi ne asibitin da ya fi kusa da mu, ko da ƙarami ne. Malamin asibiti zai duba shi. In abin ya fi ƙarfinsa, zai rubuta takarda ya tura mu gaba. Mu riƙe takardar nan, tana rage mana yawo. Mutanen Babura suna da babban asibiti a garinsu, sai su fara daga can.

Zango na biyu yana Kazaure. A nan ne Gwamnatin Jihar Jigawa ta ke da asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa. Mutane daga nesa su kan biya kuɗin mota mai yawa su zo. Mu kuwa na Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, ga shi a ƙofar gidanmu, amma muna kewaye shi. Don me? Don mun sa masa suna asibitin mahaukata, kowa yana gudun a ce an ga ɗansa a can. Wannan suna ya cuce mu ƙwarai. Likitan ƙwaƙwalwa shi ne likitan shaye-shaye, gama a ƙwaƙwalwa ƙwaya ta ke yin ɓarnarta. Zuwa wurinsa ba ya mai da mutum mahaukaci, kamar yadda zuwa wurin likitan ido ba ya mai da mutum makaho.

In aka tura mu gaba, sai Kano. Wanda ya taso daga Kazaure ya bi ta Dambatta, kafin ya shiga birni zai iske Dawanau, inda babbar kasuwar hatsi ta ke. A can ma akwai asibitin ƙwaƙwalwa. A cikin birni kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen wannan aiki. Akwai waɗansu na Gwamnatin Tarayya a Kaduna da Kware ta Sakkwato, amma sun yi mana nisa.

Akwai kuma hanyar waya. Hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, watau NDLEA, an kafa ta a 1989, ofishinta na jiharmu yana Dutse. Mun san ta da kama masu sayarwa, amma tana da ma'aikata masu ba da shawara ga masu sha. A 2022 ta buɗe lambar waya wadda a ke kira kyauta, dare da rana. Ga ta: 0800 1020 3040. Uwa tana iya kira daga cikin ɗakinta ta nemi shawara.

Ranar tafiya, a tafi da sassafe. A tafi da wanda ya san halin maras lafiyan sosai. A ɗauki kwalin abin da ya ke sha, ko da ba kome a ciki. Ga inda karatunmu zai yi mana rana. A jikin kwalin tiramol an rubuta Tramadol, kusa da shi akwai lamba da haruffa biyu, m da g. Wanda hukuma ta yarda da shi 50 ne ko 100, shi ma sai likita ya rubuta. In muka ga 200 ko 225, wannan ta ɓarauniyar hanya ya shigo. Irinsa ne ke kayar da samari suna jijjiga a gona.

Likita zai yi tambayoyi. Me ka ke sha? Nawa a rana? Tun yaushe? Yaushe ka sha na ƙarshe? Kana yin allura? Ka taɓa tunanin kashe kanka? Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi, amma a amsa ta. Likita ba ɗan sanda ba ne, ba alƙali ba ne. Abin da aka gaya masa da shi zai auna magani. Wanda ya ce biyu ya ke sha alhali goma ne, ya sa an ɗinka masa rigar da ba za ta shige shi ba.

Ba kowa a ke kwantarwa ba. Da yawa ana ba su magani su koma gida, a sa musu ranar dawowa. Magani kuma ba kyauta ba ne. Tun ranar farko mu tambayi kuɗin kati da na gado da na magani, don dangi su san abin da za su haɗa.

Gidan mari

Dole mu tsaya a nan, gama nan ne yawancinmu mu ke fara kai 'ya'yanmu. Uba ya rasa yadda zai yi, sai a ce masa akwai wani gida da a ke gyaran kangararru. Ya sayar da akuya ya biya, ya dawo gida yana ganin ya yi abin kirki. Bai san abin da ke bayan katanga ba.

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. A watan Oktoba aka buɗe wani a Daura, nan maƙwabtanmu, aka fito da 67. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don shaye-shaye. A farkon 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Dokar nan ta hana a ɗaure maras lafiya da sarƙa.

Mari yana riƙe ƙafa, amma ba ya cire sha'awar ƙwaya. Ran da aka kwance yaro, zai fito da sha'awarsa, ga kuma ƙullin iyayensa a zuci. Ba mu ce a bar addu'a ba. A roƙi Allah, a nemi malami na kirki ya yi nasiha, a kuma je asibiti. Ɗaya ba ya hana ɗaya. Malamai ma sun gaya mana ba rana ɗaya aka haramta giya ba, mataki mataki hanin ya sauka.

Duk inda za mu bar ɗanmu, na Gwamnati ne ko na wani, mu tambaya ko akwai likita ko nas. Mu ce a nuna mana inda zai kwana da abin da zai ci. Mu tambaya ko za a bar mu mu gan shi mu kaɗai, ba mai tsaro a kansa. Wanda ya ce mu ajiye yaro a zaure mu tafi, kada mu dawo sai bayan shekara, to, mu kama hannun yaronmu mu juya.

Bayan an dawo gida

Mutane su kan ɗauka sallama daga asibiti ita ce warkewa. A'a. A asibiti an fitar da ƙwaya daga jiki, amma majalisar da ya ke zama tana nan, mai sayarwa ma yana nan. Watannin farko su ne masu wuya. A nema masa abin yi tun kafin ya dawo, ko noman rani, ko kiwo, ko koyon ɗinki. Kada a cika masa aljihu da kuɗi. Kada kuma a riƙa yi masa gori a kan tuwo. Ranar da aka rubuta a katinsa, a koma, ko da ya ce ya warke.

In ya sake sha, ba a yi asarar kuɗin farko ba. Haka ciwon ya ke, da yawa sai sun faɗi sau biyu ko uku kafin su tsaya. A koma wurin likita da wuri. Amma akwai haɗari a nan wanda ba kowa ya sani ba. Jikin da ya huta ba ya ɗaukar abin da ya ke ɗauka dā. In ya sha adadinsa na dā, ya kan yiwu numfashinsa ya tsaya.

Saboda haka in muka iske mutum kwance, an tashe shi bai tashi ba, numfashinsa yana fita da ƙyar, baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke kamar kan allura, kada mu ce barci ne. Kada mu ɗura masa madara ko manja ko ruwa, za su bi hanyar numfashi su shaƙe shi. A kwantar da shi a kan gefensa, a nemi mota nan da nan, a tafi da kwalin.

Mata kuma, a yi musu wannan hanya duka cikin sutura. Uwa ko yaya ta raka ta. Ba sai unguwa ta ji ba, ba kuma sai an kai ga saki ba.

Yanzu kowa ya ɗauki fensirinsa. Malam zai rubuta lambar wayar nan a allo, mu kwafe ta a bangon littafi. Ƙarƙashinta kowa ya rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da ƙauyensu, da kuɗin mota daga can zuwa Kazaure.